Yadda ake auna aikin mai binciken kimiyyar lafiya, tun daga jera maƙalu har zuwa karanta masu ambato

Duk shekara idan lokacin haɗa takardun ƙarin girma ya matso, za ka ga malaman jami'a a nan Sakkwato suna kai da komo tsakanin ofis da shagon masu fotokwafi, kowa da tulin maƙalunsa a hammata. A irin wannan lokaci ne wani ƙaramin malami mai nazarin jini ya shigo wurina, ya miƙo mini wayarsa a buɗe kan shafinsa na Google Scholar, inda ake jera maƙalun mai bincike da lambar da ke nuna yadda wasu ke kafa hujja da su, ya ce, "Malam, wagga lamba mi taka nuhi? Na ga tawa ta hi ta shugaban sashenmu." Muka zauna muka bi jerin tare. Kusan rabin maƙalun da ke shafin ba nasa ba ne. Akwai ta wani mai nazarin ƙasar noma, akwai ta wani injiniya a Malesiya, dukansu sunansu ɗaya da nasa idan an taƙaita. Na'ura ce ta kwaso ta zuba masa, shi kuma bai taɓa bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Da ya kai wannan lamba gaban kwamiti, da an ɗauke shi maƙaryaci, alhali rashin sani ne kawai.

Shi ya sa nake son in shimfiɗa hanyar yadda nake bin ta, ko aikinka kake son aunawa, ko na malamin da kake tunanin ya duba maka digiri na biyu ko na uku, ko na wanda aka kawo takardunsa gabanka ka yi hukunci. Lamba tana zuwa ne a tsakiyar aiki. Kafin ta akwai tantancewa, bayanta akwai karatu, kuma wanda ya tsallake waɗannan biyu bai auna komai ba.

Ambato shi ne wani mai bincike ya kafa hujja da maƙalarka, ya sa ta cikin jerin madogararsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutumin Sakkwato. Malamanmu na zaure sun san darajar a ce "na karɓo daga wane, shi kuma daga wane", har Malam Abdullahi Fodiyo, wanda babban laburaren Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi sukutum don jera malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Abin da Eugene Garfield ya yi a Amurka shi ne ya juya silsilar: maimakon a tambayi wa ka karɓo daga gare shi, sai a tambayi su wa suka karɓa daga gare ka. Ya kawo shawarar a 1955, kundinsa na ambaton kimiyya ya fito a 1964, kuma daga nan duk ma'aunan yau suka tsiro.

Mataki na farko: tabbatar da mutumin

Mu Hausawa wannan mataki ya fi ba mu wahala fiye da kowa. Rumbunan bayanai an gina su ne kan tsarin sunan iyali ɗaya da ba ya canjawa, mu kuwa sunanmu sunan yanka ne da na mahaifi, wani lokaci da na kaka ko na gari. Mutum ɗaya zai fito a maƙala ta farko a matsayin Abubakar M.B., a ta biyu Bello A.M., a ta uku ya ƙara Yabo ko Gwadabawa ko Tambuwal. Ga Muhammad da Mohammed da Muhammed, ga Usman da Uthman da Othman. Mace kuma tana iya fara bugawa da sunan mahaifi, daga baya ta koma sunan miji. Kowane sauyi na'ura tana ɗaukarsa sabon mutum, sai aikin shekara goma ya rabu gida uku. Ta ɗaya ɓangaren kuma, masu suna Abubakar A. a duniya ba su ƙirguwa, sai a haɗe su wuri ɗaya.

Idan aikinka ne, fara da buɗe ORCID, wato rijistar masu bincike a intanet. Kyauta ne, ya fara aiki a 2012, yana ba ka lamba mai alƙaluma 16 wadda ba mai irinta, kuma tana bin ka ko ka canja suna ko wurin aiki. A cikinsa akwai gurbin rubuta sauran sunayen da aka san ka da su. Cike shi da duk siffofin da ka taɓa bugawa da su. Sa adireshin imel biyu, na jami'a da naka na kanka, don kada ranar da ka bar aiki ƙofar ta rufe. Daga yau kuma ka zaɓi siffa ɗaya ta sunanka ka riƙe ta, kada ka bar abokin rubutu ya rubuta maka yadda ya ga dama.

Sunan wurin aiki ma haka. Na ga Usman Dan Fodio, na ga Usmanu Danfodio, na ga Uthman Danfodiyo, duk a kan maƙalun mutanen gida ɗaya. Rubuta shi yadda jami'ar ke rubuta kanta, Usmanu Danfodiyo, kuma idan kana aiki da asibitin koyarwa da kwaleji a lokaci ɗaya ka sa duka biyun.

Idan aikin wani kake dubawa, nemi takardar tarihin aikinsa ko lambarsa ta ORCID tukuna. Kada ka fara da buga sunansa a intanet.

Mataki na biyu: gina jerin maƙalu da hannunka

Buɗe Excel ko ka ja layuka a takarda. Kowace maƙala layi ɗaya: shekara, take, mujalla, matsayin sunan mutumin a jerin marubuta, adadin marubutan, irin maƙalar, da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala da ake nemo ta da ita a intanet. Bar gurabe uku a ƙarshe don ambato. Aikin yana cin lokaci, kuma gara ka yi shi ranar da kake da wuta da data mai kyau, amma duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara.

Gurbin irin maƙala kada ka raina shi. Binciken da mutum ya tara samfuri ya shiga ɗakin gwaji ya yi daban yake da bitar ayyukan wasu, daban da rahoton majinyaci ɗaya, daban da wasiƙa ga edita ko taƙaitaccen bayanin taro. Maƙalun bita sun fi jan ambato nesa ba kusa ba, saboda kowa na neman wurin da aka tattara masa komai. Wanda ambatonsa duka daga bita yake, gwani ne na tattarawa, wannan ma aiki ne, amma bai nuna abin da hannunsa ya gano ba.

Sannan ka nemi kowace maƙala a wurare uku. PubMed na Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka ne, kyauta, kuma shi ne gidan maƙalun lafiya. Scopus na kamfanin Elsevier ne, ya fito a 2004. Cikakkensa sai da rijistar makaranta, amma ana iya neman marubuci a ga adadin maƙalunsa da ambatonsa ba tare da biya ba, akwai kuma hanyar neman a haɗe maka shafukanka idan sun rabu. Google Scholar shi ma 2004 ya fito, kuma shi ne mai babban baki: yana kwasar kundin digiri, takardun taro, da mujallun da sauran ba su sani ba. Don haka lambarsa kusan kullum ta fi ta Scopus, wani lokaci da rata mai yawa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kwandon kowa ne daban. Abin da ba ya halatta shi ne ka ɗauki lambar wane daga Google Scholar ka gwada da ta wane daga Scopus.

A shafinka na Google Scholar yi abu uku. Goge duk abin da ba naka ba. Haɗe maƙalar da ta fito sau biyu. Sannan ka shiga wurin sabuntawa ka kashe ƙarin kai tsaye, ka zaɓi a riƙa turo maka imel ka amince kafin a saka. Wannan na ukun shi ne abin da malamin da na ambata bai yi ba.

Mataki na uku: duba gidan da aka buga

Akwai mujallun da sana'arsu karɓar kuɗi ce kawai. Za su turo maka imel da yabo, su karɓi maƙala cikin kwana uku ba tare da wani masani ya duba ta ba, su liƙa wata lambar tasiri ta ƙarya a goshin shafinsu. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana jera irinsu har ya rufe jerin a 2017. Yawancin matasan da suka faɗa wannan rami ba da mugun nufi ba ne, matsin ƙarin girma ne da rashin mai ja musu kunne, kuma abin yana yi mini ciwo, don sau da yawa binciken kansa mai kyau ne, an dai binne shi inda ba mai karantawa.

Tantancewar ba ta da wuya. Nemi sunan mujallar a jerin mujallun Scopus, ka duba ko har yanzu tana ciki ko an cire ta. Nemi ta a kundin Laburaren Likitanci na Amurka ka ga ko an ce tana cikin MEDLINE, wato rukunin mujallun da laburaren ya tantance, domin ganin maƙala ɗaya a PubMed bai nuna an tantance mujallar duka ba. Idan ta kyauta ce ga mai karatu, duba DOAJ, kundin mujallun kyauta da aka tantance. Idan ta Afirka ce, duba AJOL, rumbun mujallun Afirka a intanet. Ka kuma tabbata adireshin da ka shiga shi ne na ainihi, don akwai masu kwaikwayon shafin mujallar gaske.

Kasancewar mujalla ta gida ba aibi ba ne. Annals of African Medicine tushenta Sakkwato ne kuma tana cikin PubMed. Sahel Medical Journal ma daga nan take.

Game da ma'aunin tasirin mujalla, wanda kamfanin Clarivate ke fitarwa duk shekara, ka san yadda ake lissafa shi. Na 2024, misali, shi ne yawan ambaton da maƙalun mujallar na 2022 da 2023 suka samu a cikin 2024, a raba da yawan maƙalun. Matsakaici ne na mujalla, kuma 'yan maƙalu ƙalilan ne ke ɗaga shi, mafi yawa suna ƙasa da shi. Saboda haka ne masana suka fitar da sanarwar San Francisco, wadda aka tsara a 2012, cewa kada a auna mutum ko maƙala da lambar mujalla. Rubuta lambar a jerinka in ana buƙata, amma kada ka ɗora hukunci a kanta.

Mataki na huɗu: ƙidaya

Yanzu cike guraben ambato, ka jera maƙalun daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Mu ɗauki misali na mutum mai maƙalu 12, ambatonsu kamar haka: 64, 31, 22, 15, 9, 7, 6, 4, 3, 1, 0, 0. Jimla 162. Ka riƙa saukowa kana gwada lambar layi da yawan ambato. Ta shida tana da 7, ta kai shida. Ta bakwai tana da 6, ba ta kai bakwai ba. A nan ka tsaya: ma'auninsa na h shida ne, wato yana da maƙalu shida da kowacce aka ambata aƙalla sau shida. Shi ne abin da shafuka ke rubutawa h-index. Ɗayan da Google Scholar ke nunawa, i10, yawan maƙalun da suka kai ambato goma ne, a nan huɗu.

Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, shi ya ƙirƙiro ma'aunin h a 2005. Amfaninsa shi ne maƙala ɗaya mai farin jini ba ta iya ɗaga shi, tulin maƙalun da ba mai ambato ma ba sa iyawa. Raunin kuma a bayyane yake a misalinmu: ko maƙalar farko ta tashi daga 64 zuwa 6,400, h yana nan a shida. Kuma ba ya sauka, ko mutum ya daina bincike shekara goma, don haka kullum yana fifita dattijo a kan matashi. Hirsch da kansa ya ba da gyara: a raba h da yawan shekarun da mutum ya yi tun maƙalarsa ta farko. Idan mai misalinmu ya fara shekara takwas da suka wuce, shida a raba da takwas, 0.75. Da wannan kake gwada mai shekara takwas da mai shekara ashirin da biyar. Idan mace ce ta yi hutun haihuwa, ko likita ne da ya shafe shekaru a horon ƙwarewa yana kwana a asibiti, cire waɗannan shekarun kafin ka raba.

Mataki na biyar: tace lambar

Tambaya ta farko, ambato nawa ne mutum ya yi wa kansa? Ambaton kai ba laifi ba ne, wanda ke gina aiki kan aikinsa na baya dole ya ambace shi. Abin dubawa shi ne idan an cire su lambar ta rushe. Cikakken Scopus yana da maɓallin cire su. A Google Scholar sai ka danna adadin ambaton ka bi sunayen da idonka. A nan ne kuma za ka gane 'yan adashi, abokai huɗu ko biyar da ke ambaton juna a kowace maƙala ko da zancen bai haɗu ba. Jerin nan da ake kira na kashi biyu cikin ɗari na masanan duniya da suka fi samun ambato, wanda John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokansa suka fara fitarwa a 2019 daga bayanan Scopus, shi ma yana kawo lissafi biyu, da ambaton kai da kuma ba tare da shi ba.

Ta biyu, ina sunansa yake a jerin marubuta? A al'adar kimiyyar lafiya na farko shi ne ya ɗauki nauyin aikin, na ƙarshe yawanci shi ne jagora. Ƙirga maƙalun da mutum yake na farko ko na ƙarshe, ka sake lissafa h da su kaɗai. Matashi ya kamata a gan shi a farko, babba a ƙarshe tare da ɗalibansa a gaba. Wanda kullum yake na biyar cikin tara, ka tambaye shi abin da ya yi a ciki.

Ta uku, ware maƙalun gayya. Manyan ayyukan haɗaka, irin na ƙididdigar nauyin cututtuka a duniya da ake bugawa a mujallar likitanci ta The Lancet, suna ɗauke da ɗaruruwan sunaye kuma suna jan dubban ambato. Shiga cikinsu abu ne mai kyau, amma guda biyar daga cikinsu za su iya rinjayar duk sauran aikin mutum. Sa su a layinsu daban, ka kawo lamba da su da kuma ba su.

Mataki na shida: gwada shi da tsaransa

Nan ne aka fi zaluntar masu bincikenmu. Yawan ambato yana bin yawan masu aiki a fage. Maƙalar da Oliver Lowry da abokansa suka buga a 1951 kan yadda ake auna furotin an ambace ta fiye da sau 300,000, saboda hanyar aiki ce da kowane ɗakin gwaji ke buƙata. Mai nazarin ciwon daji ko ciwon suga yana da dubban abokan fage da za su ambace shi. To mai nazarin cutar noma fa, wadda ke cinye baki da fuskar yara masu fama da tamowa? A Sakkwato akwai asibiti na musamman don ita tun 1999, kuma sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Masu rubutu a kanta a duniya kaɗan ne. Maƙala a kan cutar noma mai ambato 30 tana iya fin ta ciwon daji mai 300 nauyi a fagenta, kuma irin waɗannan rubuce-rubuce ne suka zama hujjar da aka kai gaban hukumar. Haka zancen yake ga mai bin sawun gubar dalma da ta kashe yara a Zamfara a 2010, ko sanƙarau nau'in C da ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017.

Don gyara wannan, Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka sun samar da iCite, kyauta. Ka zuba lambobin PubMed na maƙalun, ya ba kowacce maki da ya gwada ta da maƙalun da ake ambata tare da ita. Maki 1.0 yana nufin ta yi daidai da tsaka-tsakin maƙalun da cibiyoyin suka ɗauki nauyi a wannan fage, 2.0 ninki biyu. Yana kuma nuna ko maƙalun gwajin magani a asibiti ko ƙa'idojin jinya sun ambace ta. Iyakarsa ita ce abin da ke cikin PubMed kaɗai yake gani, kuma sabuwar maƙala ba ta da makin da za a dogara da shi. In ba ka samu wannan ba, zaɓi mutum uku ko huɗu masu fage ɗaya da shekarun aiki kusan ɗaya, a Zariya ko Ibadan ko Maiduguri, ka yi musu lissafi a rumbu ɗaya, rana ɗaya.

Mataki na bakwai: zauna ka karanta

Ɗauki maƙalu biyar da suka fi ambato, da biyu da mutumin da kansa ya ce su ne mafi kyawun aikinsa, domin ba kullum suke zama ɗaya ba. Karanta sashen hanyar bincike: mutum nawa aka ɗauka, yaya aka zaɓe su, akwai izinin kwamitin ɗa'a, sakamakon ya ɗauki nauyin abin da aka ce a ƙarshe? Sannan a kowacce buɗe goma daga cikin masu ambato, ka nemo jimlar da aka ambace ta. Za ka ga iri uku. Wani ya jefa ta cikin jerin lambobi a gabatarwa, da alama take kawai ya gani. Wani ya ɗauki hanyarta ko alƙalumanta ya gina nasa a kai, wannan shi ne ambato mai nauyi. Wani kuma ya ambace ta ne don ya ce ba daidai ba ce. Na'ura duka ukun ɗaya take ƙirga su. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta danganta allurar rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa ta yara, The Lancet ta janye ta a 2010, amma ambatonta ya haura dubu. Saboda haka ka buga sunan mutumin a rumbun Retraction Watch, mai jera maƙalun da aka janye, ka ga ko an taɓa janye masa maƙala, da dalilin janyewar, don janyewa saboda kuskuren da mutum ya gano da kansa daban take da ta satar rubutu ko ƙirƙirar sakamako.

Duba kuma daga ina masu ambaton suke. Idan duk daga sashe ɗaya ne, aikin bai fita gida ba tukuna. Sannan ka tambayi abin da rumbu ba ya gani: ɗalibai nawa ya yaye, tallafin bincike nawa ya ciwo daga TETFund ko daga waje, ko ma'aikatar lafiya ta taɓa canja wani tsari saboda abin da ya gano.

Abin da ya rage shi ne ka tattara komai a shafi ɗaya. A sama sa sunan mutum da lambarsa ta ORCID da ranar da ka yi lissafin, don ambato yana ƙaruwa kowane mako. Ƙarƙashinsa yawan maƙalu bisa irinsu, sai jimlar ambato da h daga Scopus da daga Google Scholar, kowanne da sunan rumbunsa a gefe, sai h bayan cire ambaton kai da maƙalun gayya. A ƙasa rubuta layi uku ko huɗu a kan kowacce daga maƙalun da ka karanta: tambayar da ta yi, abin da ta gano, da wanda ya yi amfani da shi. Ɗauki hoton shafukan da ka ciro lambobin ka ajiye tare da jerin, bayan wata shida ka sake buɗe shi ka sabunta guraben ambato.